Abin da Kawu ya nuna min a gefen talabijin

Yau a zaurenmu na masu kallon tseren motoci ana ta ƙorafi, wai tseren Amurka ya lalace, dokoki sun yi yawa, ba a ganin karo kamar da. Sai na tuna Kawu Idrisa.

Ina ɗan shekara sha tara a Madina na shiga tafhiɗ, wasan murza mota tana zamewa a titi, samari na ihu. Can wajen Jurf muke yi. Mahaifiyata ta yi kuka har ta gaji.

Kawu ƙaninta ne, bakanike. Bai yi min faɗa ba. Wata Juma'a bayan la'asar ya kira ni garejinsa, ya sa kaset ɗin tsere. Mota ta daki katanga ta wuntsila, direban ya fito yana ɗaga hannu.

Na ce, "Shuf, duba, Kawu! Ko ƙwarzane babu!"

Ya mayar da kaset baya, ya tsayar, ya ɗora yatsa a gefen hoton.

"Ya waladi, ɗana, bar kallon motar. Ga motar asibiti, ga 'yan kwana-kwana, tun kafin ya kife suna jiransa. Kai wa ke jiranka? Uwarka ce kaɗai, ita kuma tana gida."

Ban sake zuwa tafhiɗ ba. Biyu cikin abokan tafiyata a titin suka rasu.

Ni dai a ƙara dokokin, wallahi. Allah ya jiƙan Kawu. Ku fa, wa ya taɓa tsayar muku da kaset?