Akwatin da Na Zare wa Waya Ranar Bakwai

Malam ya rasu ranar Talata, Allah ya ji ƙansa. Shekara arba'in da wani abu muna tare, har yau in na tuna sai na yi kuka. Amma abin da ya fi ci mini rai a wancan makon wani baƙin akwati ne mai korayen fitilu.

Ɗana na fari ne ya shigo da shi, kwana uku da binne ubansa. Sana'arsa haɗa na'urori. Wata makaranta a nan Daura ta ba shi aiki, wai za a buɗe rajistar ɗalibai. Ya rasa inda zai ajiye abin sai ɗakin Malam, don can ne ake da wutar sola. Ga buzun sallar mamaci a shimfiɗe, ga ƙarfe yana ta ƙugi kusa da shi.

Ƙanwarsa ce ta tambaye shi amfanin akwatin, ina jin su daga tsakar gida. Ya ce idan mutanen Baure da Kongolam da na cikin gari suka danno shafin rajistar a intanet lokaci guda, kwamfuta ɗaya ba za ta ɗauka ba. Shi ya sa aka tanadi uku, akwatin kuma ya tsaya kamar mai gadi yana raba musu jama'a, yana leƙa kowacce ko tana aiki kafin ya tura mata mutum. Kuma wai sai an zauna an koya masa duk wannan.

Na ce a raina, to madalla. Masu gaisuwa sun cika zaure, ƙanin Malam, tsoho mai ciwon gwiwa, shi kaɗai ke amsa su, babban ɗan gida kuwa yana ɗaki yana koya wa ƙarfe rabon baƙi.

Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, balle in zaunar da shi in yi masa faɗa. Kakarsa ce ta raine shi. Sau biyu ina aika ƙanwarsa, yana cewa ga shi nan zuwa.

Safiyar addu'ar bakwai malamai suka zauna, aka fitar da waina, shiru bai fito ba. Da na ga ya zaga bayan gida, sai na shiga ɗakin da ban taka ba tun da aka fitar da Malam, na zare wayar daga bango. Fitilun suka mutu.

Ya dawo ya daɗe a tsaye a kan akwatin.

"Inna, aikin jiya da na yau duk ban adana ba."

Na dubi bango na ce, "Ana jiran mai gida a zaure."

Ya sa hula ya fita. Har azahar yana amsa gaisuwa. Ƙanin Malam ya shigo yana ba ni labari, wai yaron hawaye yake ta zubarwa, bai taɓa sanin haka yake son ubansa ba.

Makarantar ta ɗage rajista da kwana ɗaya, na ji an yi masa faɗa. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Ni ma kunya ta hana ni tambayarsa ko hawayen na Malam ne ko na akwatin, kuma har yau abin haushi yake ba ni.