Ranar da Kakana Ya Kwance Hannu a Shinkafi

Na tashi a Ƙaura Namoda da suna biyu, wanda aka raɗa mini da wanda unguwa ta liƙa mini: jikan mai gudu. Kakana na wajen uba mahauci ne kuma ɗan dambe, amma abu guda kawai mutane suka riƙe game da shi. Wata shekara bayan girbi aka yi babban dambe a Shinkafi. Masu kalangu suka kaɗa takensa, ya fito fili, wani saurayi ya miƙe ya fito masa. Ya dubi saurayin, ya sa haƙori ya kwance zaren da ke naɗe a hannunsa, ya ratsa cikin mutane ya yi tafiyarsa. Fataken Ƙaura da suka je cin kasuwa su suka riga shi isowa gida da labarin.

Ban san shi ba, ya rasu kafin a haife ni. Amma na san fuskar mahaifina idan gardama ta haɗa shi da wani a kasuwar hatsi aka ce masa, to, kwance hannu mana ka wuce. Sai ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Da wannan shirun muka binne shi. Ni ma na sha nawa a makaranta kafin in bar ta a aji biyu na sakandare in kama facin taya a bakin tasha, kuma har yau akwai direban da idan na ƙi rage masa kuɗin aiki sai ya tuna mini ko jikan wa nake.

Bara 'yan bokon gidanmu suka ce za a haɗa tarihin zuri'a a buga, a raba wa kowa a taron Sallah. Suka rarraba aiki ta waya, kowa ya ɗauki malami ko alhaji, aka bar mini kakan, wai ni ne nake da lokaci tunda ba ni da ofis. Ƙanena da ke aiki a Gusau ya ce kada in wahalar da kaina, in rubuta ya yi sana'ar fawa, in sa aya. Na ce masa ba zan yi ba. Idan gudu ya yi, gudu zan rubuta, 'ya'yana su karanta da idonsu. Na faɗa da ƙarfi, alhali ban taɓa shakkar cewa abin da zan tarar ke nan ba.

Na fara da rumfar mahautan Shinkafi ranar kasuwa. Ban samo komai ba sai ƙuda. Wani ya ce layun saurayin ne suka firgita shi, wani ya ce ai zawo ya kama shi a fili, suka yi ta dariya suna sara ƙashi. Ɗaya daga cikinsu dai ya tura ni Badarawa wurin wani manomi da ubansa makaɗin dambe ne. Mutumin ya karɓe ni da mutunci. Ya kifa ƙwarya ya kaɗa mini taken kakana da yatsu, karo na farko da na ji shi a duniya. Game da ranar kuwa ya ce ubansa bai taɓa yarda ya yi zancenta ba. Sai da na miƙe zan tafi ya ce, me zai hana in tambayi saurayin da kansa, ai yana nan da ransa a Gurbin Bore.

Na koma gida na yi makonni ina faci ina neman dalilin ƙin zuwa. Hanyar Zurmi, wadda ake bi zuwa Gurbin Bore, ba ta da daɗi a wannan zamani, na riƙe wannan. Gaskiyar ita ce ban shirya zama gaban mutumin da ya kori kakana yana ba ni labarin yadda ya yi ba. Wata safiya dai na hau babur.

Na same shi a zaure a kan buzu, ya tsufa tukuf, idanu sun yi fari, amma hannun damansa kamar taɓarya, gaɓoɓin yatsun duk sun kumbura sun daskare. Muka gaisa, aka kawo fura. Na ƙi sha. Na faɗa masa ko ni wane ne, da abin da ya kawo ni, ba tare da kwana-kwana ba. Na ce masa a garinmu jikan mai gudu ake ce mini, kuma na zo in ji daga bakinsa.

Ya sa na maimaita. Sannan ya fara dariya har tari ya sarƙe shi.

"Mai gudu?" ya ce. "Wa yag gudu? Kai ɗan nan, mutanen Ƙaura awon dawa sunka iya, ba su san dambe ba."

Daga nan ya warware mini. Ya ce shekaru kafin wannan rana kakana ya sauka a garinsu yawon dambe, a gidan Sarkin Fawa. Shi a lokacin ƙarfi yake ji da shi, bai san komai ba. Kakana ne ya fara naɗa masa zare a hannu, ya nuna masa tsayuwa, ya tofa masa addu'a ya tura shi fili. A wurin 'yan dambe wanda ya fara ɗaura maka hannu ya zama ubangidanka har abada. Ba ka fito masa, shi ma ba ya dukanka. Idan kuskure ya haɗa ku a fili, kai ƙaramin za ka durƙusa ka dafa ƙasa ka koma wurinka.

Tsohon ya ce bayan haka shi ya yi shekaru a ƙasar Nijar, ya dawo da ƙiba da sabon laƙabi, makaɗan Shinkafi ba su san tsakaninsu ba. Da aka kaɗa taken kakana sai ya ji kansa ya yi zafi, ga 'yan mata, ga kirari, ya miƙe. Ya ce ya gane kakan nawa sarai. Kakana ya tsaya yana jira ya durƙusa, shi kuwa ya ƙi, ya ma ɗaga hannu. Shi ne kakana ya kwance zare ya fita.

Na tambaye shi me ya hana kakana faɗa wa mutane. Ya ce wa zai faɗa wa, masu awo? Duk ɗan damben da ke wurin ya gane. Shi kuwa, kafin ya iso Gurbin Bore labari ya riga shi, ubansa ya hana shi shiga gida har sai da dattawa suka sa baki, Sarkin Fawa ya ƙwace zarensa. Ya ce in fita in tambayi kowa a garin me ake ce masa. Ban fita ba. Surukarsa da ta zo ɗaukar ƙwaryar fura ta faɗa mini tana rufe baki da mayafi: mai fito wa ubangida. Har jikokinsa ana tsokanarsu da shi a makaranta.

Tsakanin Ƙaura da Gurbin Bore ba tafiyar yini ba ce, amma gida biyu sun yi shekara da shekaru kowa yana sunkuyar da kai a kan rana ɗaya, babu wanda ya taka ya tambayi ɗan uwansa. Na tuna mahaifina, raina ya ɓaci. Na ce masa, Baba, da ka aiko ko da mutum ɗaya, da ubana bai mutu da wannan abu ba. Ya ce bai taɓa jin ana faɗin haka a Ƙaura ba, kuma ko ya ji, da wace fuska zai tunkari ƙofar gidanmu. Ban ce na yafe ba, shi ma bai roƙa ba. Amma na ji wani abu da na daɗe ina ɗauke da shi a ƙirji ya sauka, har na jawo furar kafin a tafi da ita na shanye.

Na ce masa zan rubuta duka, har da nasa. Ya ce in rubuta, amma in ƙara da cewa da an yi damben da shi zai kayar, don kakana ya fara nauyi a lokacin. Na ce wannan ƙarya ce, ba zan sa ba. Ya ce ashe har taurin kan na gada.

Da na yi haramar tafiya saboda in bi hanya da rana, sai ya ce in miƙo hannu. Ya lalubo wata igiyar ɗaurin akuya a gefen buzu, ya dunƙule mini yatsu, ya fara naɗawa daga wuyan hannu yana ja yana matsewa, ba ya ko dubawa. Ya ce haka kakana yake yi, ba ya barin babban yatsa a waje. Igiyar ta ci mini fata. Ya ɗaga hannun ya jinjina, ya taɓe baki ya ce wannan hannun taya ne, ba na dambe ba.

"To, jikan maigidana," ya ce, "na san da hushi kaz zo. Yanzu na ɗaure maka hannu, ba ka da ikon buguna."

Na yi dariya, abin da ban yi niyya ba. Na bar igiyar a hannuna har sai da mai babur ya ce ba zai ɗauke ni a haka ba, kada a tsayar da mu a shinge a yi ta tambaya.