Adashin Gidan Goggo

Har yau in na ji ana yabon adashi, ana cewa shi ne bankin talaka, sai raina ya ɓaci. Ba wadda ta cinye mini ko kwabo. Kuɗina sun dawo cif-cif, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, don ba ni da wanda zan kai ƙara.

Lokacin ba a daɗe da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki ba. Mun sha kiɗa, mun sha alkawari, sai kuɗin mai ya faɗi, aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Namu aka tsuke, nasu kuwa ba mu ga alama ba. Ina koyarwa a wata firamare kusa da Ƙofar Ɗan Agundi, albashi sai ya yi wata biyu yana hanya. Maigidana a masaƙa yake aiki, aka ce kayan aiki sun daina shigowa daga waje, aka ba su hutun da ba ranar komawa. Ga yara biyu.

Na iya ɗinki tun ina makaranta. Na zauna na yi lissafi: in na mallaki keken ɗinki, ko kayan yaran unguwa na riƙa ɗinkawa bayan an tashi daga makaranta, ba za mu rasa na cefane ba. Na je kasuwar Sabon Gari na ga wani baƙi mai zanen ruwan gwal, irin na takawa da ƙafa. Kuɗinsa daidai da kwasa ɗaya ta adashin da Goggo, yayar mahaifina, take riƙewa a gidanta a Soron Ɗinki. Mata goma ne, kowane wata a yi zubin naira ashirin-ashirin, mutum ɗaya ta kwashe. Na shiga, aka ba ni ta uku. Watan da albashi ya ƙi zuwa, 'yan kunnena na sayar don kada a ce 'yar ɗan'uwan uwar adashi ce ta yi fashin zubi.

Da watana ya kama, wata daga cikinmu ta haihu, mijinta ba shi da ko na ragon suna. Goggo ta ce mu yi musaya, na koma ta biyar. Wannan ban yi baƙin ciki ba, ko yau zan sake. Na dai leƙa kasuwa na tarar keken ya ɗan ƙara kuɗi, amma ba abin da zai gagare ni cikawa ba ne.

Wata na biyar Goggo ta aiko in je. Na tarar da wata Hajiya daga Zaitawa zaune a kan darduma, matar wani babban ɗan kasuwa, ita ce ta ƙarshe a layi. Bayan gaisuwa Goggo ta ce, "'Yar nan, Hajiya za ta aurar da 'ya, tana son ku yi musaya."

Na ce, "Goggo, keke nake son saya, kuma kullum kuɗinsa ƙaruwa yake yi."

"Keken guduwa zai yi?" in ji Goggo. "Ki yi mata kara mana, ta haife ki."

Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Malama, ai ku masu albashi ba ku da damuwa. Allah ya yi miki albarka."

Ban ma amsa ba aka sa mini albarka. To ta ina zan fara? A cikin birni an fi yafe wa mace rowa a kan a ce ba ta da kara, wato ta dubi idon babba ta ce a'a. Na sunkuyar da kai na ce ba komai. Da bakina na faɗa, ba wanda ya matse ni.

Sai daga baya na gane abin da Hajiya ta sani tun farko, don a gidan kasuwanci take kwana take tashi. A lokacin da kuɗi ke narkewa kamar man shanu a rana, wadda ta kwasa da wuri rance ta ci kyauta, ta ƙarshe kuwa ita ta ba kowa rance, ta karɓi ragowa. Bikin ma ashe sai bayan Babbar Sallah, saura wata shida. Ba gaggawar biki take ba, gaggawar sayen kaya take kafin su tashi. Ni mai koya wa 'ya'yan mutane lissafi, ni aka yi wa wannan.

Wata na goma Goggo ta ƙirga mini kuɗina a tafin hannu, tana godiya ga Allah an gama lafiya ba a ji kan kowa ba. Washegari na nufi Sabon Gari. Mai shagon ya dubi kuɗin, ya dube ni, ya ce, "Malama, ai wannan kuɗin bara ne. Kekuna sun daina shigowa. Yanzu ko kan keken ba za su saya ba, balle har da ƙafa." Na tsaya a bakin shagon har ya ba ni kujera. Kuɗin kuwa shinkafa da sabulu da kuɗin magani suka cinye su, ba su yi wata biyu ba. Maigidana bai taɓa ce mini uffan ba, ya ci gaba da fita neman aikin yini, wani lokaci ya samo, wani lokaci ya dawo hannu rabbana. Da ma faɗa ya yi, da na sami wanda zan rama wa.

Da bikin ya zo Goggo ta ce dole mu je, ai Hajiya 'yar adashinmu ce. Aka kai mu ganin jeren ɗakin amarya. Gado, kabad, kwanuka har sama. A lungu kuwa ga keken ɗinki baƙi mai zanen ruwan gwal, an lulluɓe shi da leshi, an ɗora masa jeren tasoshi. Ko igiyarsa ba a ɗaura ba. Na tambayi wata ƙawar amarya ko amarya ta iya ɗinki, ta yi dariya ta ce ko zare ba ta iya sa wa allura ba, ado ne kawai.

Hajiya ta zo ta dafa ni, fuska cike da fara'a. "Malama, kin ga keken nan? Allah ne ya taimake ni na saya da wuri. Da yanzu ne ina zan iya?"

Goggo ta gyaɗa kai ta ce, "Kin ga amfanin adashi ke nan, 'yar nan."

Na ɗaga gefen leshin na taɓa shi, sanyi ƙalau. Sannan na kwance bakin zanena, na ciro naira biyun da na ranto don gudummawa, na miƙa wa Hajiya da hannu biyu, na ce Allah ya sanya alheri.