Ranar da Muka Kayar da Gwaggo Odessa a Ƙuri'a

Duk wanda ya taɓa yajin aiki a Detroit ya san Gwaggo Odessa Tillman, in bai san sunanta ba ya san tukunyar wakenta. Tana budurwa ta shiga masana'antar motoci tana ɗinkin kujeru, aka kore ta don tana raba jaridar 'yan gurguzu a bakin ƙofa. Tun daga nan bakinta bai huta ba. Aƙidarta ba ta da tsawo: mai gumi shi ne mai masana'anta, kuma ɗan jari-hujja ba ya sakin nama don an roƙe shi, sai juyin juya hali. Ni da boko ba ma ga maciji, amma a wurinta na haddace abu biyu. Ba a ƙetare layin da masu yajin aiki suka ja a bakin ƙofa a shiga ciki. Abin da rinjaye ya yanke kuma, ko kana kuka sai ka bi.

To, bara mu ma'aikatan wani otal muka shiga yaji. Ni wanke-wanke nake yi a can. Ashe tun kafin rikicin an kama zauren otal ɗin don bikin Lenora, jikar da Gwaggo ta raina da hannunta.

Ranar Asabar sai ga ta da shuɗiyar riga da hula mai gashin tsuntsu. Ta zo daidai layinmu ta ja birki, ta karɓi kwalin zanga-zangar wani ta ɗaga.

Na ce, "Gwaggo, wannan kwalliya duk don ni?"

"Tafi can, ɗan nema. Wa zai auri mai ƙarnin sabulu?"

Tana dariya, amma idonta na kan ƙofa. Kiɗa ya fara tashi daga ciki.

Na hau kan bokiti na ce ina da shawara: a bar Kwamared Odessa ta shiga. Ignacio, babban kukunmu mai jagorantar yajin, ya ce akwai mai suka? Hannu ɗaya ya tashi. Nata.

Kai, ban taɓa jin mutum ya yaƙi kansa haka ba. Ta ce yau jika, gobe ɗan kishiyar maƙwabci, jibi babu layi. Ta kawo tarihin yajin da aka yi tun ba a haifi uwata ba. Har wasu suka fara gyaɗa kai, na ga za ta ci mu da baki.

Na ce, "Jama'a, in ba ta shiga ba, nan za ta wuni tana yi mana lacca."

Nan take hannaye suka tashi sama kamar an ce wa ke son ƙarin albashi.

Ignacio ya ce, "Kwamared, rinjaye ya yi magana."

"Rinjaye ya yi kuskure."

"Za ki bi ko za ki fasa ƙungiya?"

Ta harare ni, ta gyara hula. "A shaida ban yarda ba. Kuma ko ruwansu ba zan sha ba."

Ta shiga da kwalinta a kafaɗa. Ta taga muka hango amarya ta rugo ta ƙanƙame ta, kwali da komai. Ruwa kam ba ta sha ba. Rawa kuwa, da na yi mata tsiya washegari, cewa ta yi ai umarnin ƙungiya ta bi.