Shaidar Saje a Gaban Majalisa

Mahaifina gandiroba ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a gidan yari, kuma ko bayan ya yi ritaya babu mai kiransa da wani suna a unguwa sai Saje. Mutum ne mai son tsari. Idan muka zauna cin abinci sai ya bi mu da ido yana motsa leɓe, Mama ta ce, "Malam, mu bakwai ne jiya, mu bakwai ne yau, babu wanda ya haura katanga." Sai ya yi murmushi ya sa hannu a kwano.

Shekaru goman ƙarshe na aikinsa a ofishin rajista ya yi su, saboda kyawun rubutunsa. Wani ɗan ɗaki ne mai taga ɗaya, da tebur, da kabad uku na ƙarfe inda ake ajiye fayil ɗin duk wanda ke tsare. Ni ce babbar 'yarsa, kuma sau ɗaya na taɓa shiga wurin, ranar da ya manta maganin hawan jininsa a gida. Na same shi yana jan layi da rula, kamar mai zanen gida.

Shekara biyu da ritayarsa, wata Asabar da hantsi, limamin masallacinmu ya yi sallama a ƙofar gida tare da faston cocin da ke ƙarshen layi. Unguwa ta riga ta saba ganinsu tare. Sun kafa wani kwamiti na limamai da fastoci da ƙungiyoyin mata na ɓangarorin biyu, suna neman majalisar dokokin jiha ta yi doka kan masu jiran shari'a. Abin da suke so shi ne kada a tsare mutum fiye da kwana casa'in ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, kuma duk wata a shiga a duba rajistar gidan yari.

"Saje," in ji Liman, "'yan majalisa sun ce labarin bakin titi muke kawo musu. Suna son wanda ya san cikin gidan."

Fasto ya ce, "Ni da Liman in aka ba mu makirufo sai an yi faɗa kafin a karɓe. Muna neman mai magana kaɗan wadda za ta shiga."

"Yi wa kanka shaida dai," in ji Liman. "Ni huɗubata minti ashirin ce."

"Da agogon wa?"

Baba ya yi dariya, ya ce zai yi. Na ga ya ji daɗin da aka tuna da shi. Ranar har ya fito da tsohuwar jakarsa ya goge.

A ajin wata makarantar firamare suke taro duk Alhamis da yamma, manyan mutane a kan bencin yara, gwiwoyi na taɓa teburi. Ni nake raka shi saboda idonsa ya fara rauni. Wata lauya ce ke karanta ƙudirin dokar sashe sashe, tana fassara wa waɗanda ba su yi boko ba. A taro na biyu wani siririn mutum mai yawan tari ya shigo a makare, hannuwansa duk tabon ƙuna. Yana ganin Baba ya tsaya, ya ƙame kamar a layin ƙirga.

"Ofisa, ina wuni."

Baba ya ɗago. Na ga bironsa ya faɗi ƙasa bai ɗauka ba.

Mai walda ne, ɗan cocin Fasto. An kama shi ne kan zargin sayen injin janareto na sata, aka kai shi kotu sau ɗaya, daga nan ya shekara bakwai a tsare ba a sake kiran sunansa ba. A hanyar komawa gida na ce, "Baba, ashe ka san shi." Ya ce, "Na san mutane da yawa, uwata," bai ƙara ba.

Ranar sauraron ra'ayin jama'a muka cika motoci uku. Ɗakin kwamitin majalisa yana da sanyin na'ura da doguwar kujerar fata, da robobin ruwa a jere gaban 'yan majalisa tara, shida daga cikinsu na duba waya. Liman ya yi magana, Fasto ya yi, dukansu suka wuce lokacinsu. Sai aka kira mai walda.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce lokacin da aka kama shi 'yarsa tana rarrafe, da ya fito tana aji biyu, ta ɓuya bayan ƙofa da ta gan shi. Ya ce mahaifiyarsa ta rasu a shekararsa ta biyar a ciki, bai ji ba sai bayan wata huɗu. Sannan ya juyo ya nuna Baba.

"Amma ba zan ce duk mugaye ne ba. Ga Ofisa nan. Duk lokacin da na je tagar ofishinsa na tambayi fayil ɗina, ba ya kora ta. Sai ya ce ana nema. Sau da yawa ya ba ni sabulu daga aljihunsa. Shi kaɗai yake kirana da sunana, sauran lamba suke kira."

Mutane suka juyo suna kallon Baba suna gyaɗa kai. Ni kuwa sai kaina ya yi girma. Na kalle shi, na ga gumi na bin wuyansa duk da sanyin ɗakin.

Da aka kira Baba ya karanta takardar da ya rubuto. Ya yi maganar ƙarancin motocin kai fursunoni kotu, da ƙarancin ma'aikata, da yadda takardu ke ɓacewa a hanya. Shugaban kwamitin, wani mai ƙiba da tabarau a kan hanci, ya katse shi.

"Malam, ka shekara goma a rajista. Ka taɓa ganin an ci gaba da tsare mutum saboda sakacin ma'aikacin gidan yari? Amsa ɗaya nake so."

Baba ya ninke takardarsa. Sannan ya ce, "Ban taɓa gani ba, ranka ya daɗe."

"To kun ji," in ji shugaban. "Matsalar mota ce da ma'aikata. Wannan ba sai an yi sabuwar doka ba."

Aka jingine ƙudirin. A mota babu wanda ya ga laifin Baba. Fasto ma cewa ya yi tambayar tarko ce, kowa zai iya faɗawa.

Kwana uku Baba bai ci abin kirki ba. Shi da ba a raba shi da sahun farko, ya koma sallah a ɗaki. A rana ta huɗu, bayan la'asar, ya kira ni da Mama tsakar gida, ya ce mu zauna. Bai kalli ko ɗayanmu ba, ƙafafunsa yake kallo.

Ya ce a shekarar mai walda ta uku, wata rana makullinsa ya faɗa bayan kabad na tsakiya. Da ya ja kabad ɗin ya tarar da fayil a ƙasa, ƙura ta rufe shi. Na mai walda ne. A ciki akwai takardar kotu da ta ce a sake shi, don mai ƙara ya janye. Takardar ta yi wata goma sha huɗu da zuwa, kuma sa hannun wanda ya karɓe ta na Baba ne.

"Lokacin ana duba sunayen ƙarin girma," ya ce. "Na ce in na fito da ita yau, ni za a tuhuma. Na ce bari sunaye su fito, mako mai zuwa sai in kai. Na mayar da fayil ɗin inda na same shi, na tura kabad."

Mama ta ce, "Sai mako ya zo."

"Sai wata goma sha huɗu ya zama sha biyar, sha biyar ya zama shekaru. Kullum laifin na ƙara girma, kullum fito da ita na ƙara wuya. Yana zuwa taga, ina ce masa ana nema, ga ta nan taku biyu daga ƙafata."

Sai da Baba ya yi ritaya aka zo fenti, aka janye kabad, aka ga fayil ɗin. Sabon shugaban gidan ya sallami mai walda a ranar, ba a bi diddigin komai ba.

Mama ta ɗago ta dube shi. Ta ce, "Sabulun nan, Malam, ni nake saya. Kana ce mini sadaka ce." Ta tashi ta shige ɗaki. Ni kuwa na tuna yadda na ɗaga kai a majalisa lokacin da ake yabonsa, na ji kamar in tone ƙasa in shige.

Washegari ya je wurin Liman. Liman ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Tsakaninka da Allah ka san hanya. Amma wannan haƙƙin mutum ne, ba ni zan yafe ba. Tashi mu je wurin Fasto." Su uku suka tafi shagon mai walda, ni ina biye riƙe da hannun Baba.

Rumfar kwano ce a bakin hanya, ƙarafa jingine ta ko'ina. Mai walda ya kashe inji, ya ture baƙin gilashin zuwa goshi, ya jawo wa Baba kujerarsa. Baba ya ƙi zama. A tsaye ya faɗi komai, da kwanan wata, kamar mai ba da rahoto.

Mai walda ya yi ta kallonsa. Ya yi tari, ya goge baki.

"Wace shekara ka ce?"

"Ta uku."

"Mahaifiyata a ta biyar ta rasu."

"Na sani."

Fasto ya matsa zai dafa shi, mai walda ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. "Fasto, na san abin da za ka karanta mini, na san shi da ka. Ba yau ba." Ya juya wurin Baba. "Ni na tsaya gaban mutane na yabe ka. Kai kuma ka tsaya gabansu ka ce ba ka taɓa gani ba. Can za ka koma ka faɗa, ba nan ba." Ya sauke gilashin, ya kunna inji.

Lauya ta gaya wa Baba gaskiya, cewa za a iya bincikensa, kuma babu wanda zai tilasta shi. Ya ce ta rubuta wa majalisa yana so ya sake ba da shaida, zai sa hannu. Sai da aka yi wata goma sha ɗaya kwamitin su Liman na zirga-zirga, limamai na ambaton zancen ranar Juma'a, fastoci ranar Lahadi, mata na zaman dirshan a ƙofar majalisa da laima, kafin aka sake sa ranar sauraro.

Wannan karon bai riƙe takarda ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, bara ka yi mini tambaya na yi maka ƙarya." Duk masu duba waya suka ɗago. Ya faɗi labarin kabad. Ya ce da akwai wanda ke shigowa daga waje duk wata ya gwada rajista da mutanen da ke ciki, da an kama shi a watan farko, kuma da ya fi masa alheri. Mai walda na zaune a layin baya, hannu harɗe a ƙirji.

Da yamma rediyo ta ɗauka. Abokan aikinsa na dā suka daina amsa gaisuwarsa, ɗaya ya aiko a ce masa ya zubar musu da mutunci don ya wanke kansa. A asibitin da nake aiki, ina shiga ɗakin hutu sai hira ta mutu. Ƙanena ya yi wata biyu bai taka gidan ba. An kira Baba sau biyu ya amsa tambayoyi, aka rubuta masa takardar tsawatarwa, magana ta tsaya nan. Shi da kansa ya ce hukuncin ya yi kaɗan.

Dokar ta wuce bayan wata biyar, amma an yi mata aski. Kwana casa'in ya koma ɗari da tamanin. Duba rajista ya tsira, kuma aka sa liman ɗaya da fasto ɗaya cikin masu dubawa. Liman ya so a riƙa tafiya da Baba don ya san inda ake ɓoye abubuwa. Mai walda, wanda aka sa wakilin waɗanda aka taɓa tsarewa, ya ce in Saje zai shiga motar shi zai sauka. Baba ya ce yana da gaskiya. Sai ya zauna a gida ya rubuta musu shafi huɗu na wuraren da za su duba da tambayoyin da za su yi.

Har yau mai walda bai ce ya yafe ba, Baba kuma bai sake tambaya ba. In sun haɗu a hanya sukan gaisa, gajeriyar gaisuwa, kowa ya wuce.

Bayan ziyarar farko Liman da Fasto suka biyo ta gidanmu, a gajiye, takalmansu duk ƙura. Sun samo mutum goma sha ɗaya da ba su da dalilin zama a ciki, an saki huɗu nan take. Mama ta kawo musu ruwa. Baba ya tambayi wanda ya fi daɗewa a cikinsu.

"Wani direban babur," in ji Fasto. "Shekara biyu da wata ɗaya."

"Yana da iyali?"

"Mata da yara uku. Matar tana bakin ƙofa lokacin da ya fito."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce su yi haƙuri jikinsa ba daɗi, ya miƙo mini hannu na kai shi ɗaki.