Ranar da Muka Sauke Jeren Matar Yayana

Shekarar da aurena na biyu ya mutu na kafa tebur a bakin tashar Tahoua, ina sai da shinkafa da wake da kopto, wato kwaɗon zogale. Kowa a tashar ya san bakina. Direban da ya raina mini miya sai ya ji tarihin kakarsa, ban taɓa barin magana ta kwana a cikina ba. Na faɗi haka tun yanzu don kada wani ya ce kunya ce ta hana ni magana daga baya.

Wata mata daga wata ƙungiya takan zaga wurinmu masu abinci, ta bar mana abin awon sida, wato ƙanjamau, wanda mutum ke yi wa kansa. Ɗan tsinke ne mai faɗi, ka goga a dasashi, ka tsoma a ɗan kwalba, ka jira minti ashirin. Zane ɗaya lafiya, zane biyu sai ka je likita, wato asibiti, a tabbatar. Ta ce mu riƙa miƙa wa direbobi da ƴan ci-rani masu dawowa daga Abidjan. Ban miƙa wa kowa ba, wa zai ci shinkafar mai rabon wannan abu? Na tura kwalin ƙarƙashin gado. Amma guda ɗaya na yi wa kaina, ƙofa a rufe, domin akwai wani direba da na saba da shi fiye da yadda ya kamata, ya rame ya mutu cikin wata biyar. Zane ɗaya ya fito. Na jefa tsinken a masai, ban gaya wa kowa ba.

Ana nan sai matar yayana ta zo daga ƙauyenmu, arewa da Affala, ta kawo ƴarta mai shan nono da ke ciwon kunne. Yayana yana Abidjan, kamar rabin mazan garin, sai gab da damina yake zuwa. Ni da ita akwai wasa, ina ce mata matata, tana ce mini ƙaramin miji. Ina son ta, wannan ba ƙarya ba ne. Tana share mini ɗaki ta jawo kwalin, ta tambaya, na gaya mata. Sai ta zauna bakin gado ta gaya mini damuwarta. Maƙwabcinsu ya dawo daga Abidjan bara, ya mutu, matarsa ta bi shi kafin a gama girbi. Kuma duk sanda yayana ya kira waya tana jin tari a muryarsa.

Da azahar na nuna mata yadda ake yi. Minti ashirin ɗin nan ba ta ɗauke ido daga tsinken ba, jaririyar na kuka ba ta ma ji. Zane ɗaya. Ta yi dariya, ta yi kuka, ta rungume ni har na ture ta. Na ce ta jefa a masai. Ta ce a'a.

"In yaz zo, sai in gwada mai nawa, in ce ni nif fara, saura kai. Hakanan ba ya jin na zarge shi."

Na ce mata wauta ce. Amma na ba ta sabo guda a ledarsa don mijin, ta ƙulle su biyun a bakin zane.

A garinmu matar ɗan ci-rani ba ta da akwati mai makulli, ba ta da rumbu, uwar miji ke auna mata hatsi kowace safiya. Wurin ɓuya ɗaya gare ta, cikin jerenta, kwallaye da samirun aurenta da aka ɗora tun daga ƙasa har kusa da rufi. Ba mai taɓa su duk shekara, a nan ta ɓoye su biyun cikin ƙyalle. Sai dai idan miji ya aiko cewa yana hanya, dangin miji mata kan taru su sauke jeren, a wanke, a yi wa ɗakin sabon yaɓe, don ya tarar da shi kamar na amarya. Matar ba ta sa hannu, zama take ana yi mata tsiya. Ta san da wannan sarai. Ta yi lissafin ba za a sauke jeren ba sai bayan mako uku, ta cire kafin nan, sai yayana ya samu mota da wuri, Innarmu ta tara mu ba shiri.

Na zo da safe daga Tahoua. Mu takwas ne a ɗakin, ana miƙo kwano ana waƙa. Gwaggonmu, ƙanwar babanmu, ita ta buɗe kwallar ƙasa. Ta warware ƙyallen tana dariya, ta zaci turare ne ko maganin mata. Wata maƙwabciya ta karɓi ledar ta juya, ta ga jan ƙyallen nan na alamar sida da aka zana a jiki, irin wanda ke bangon likita. Ta saki abin ya faɗi ƙasa, ta goge hannunta a zane. Waƙa ta tsaya.

Inna ta juyo gare ni.

"Ke da ke birni, mi na na wanga?"

Na sani, har yawan mintin na sani. Magana uku ta isa: ni na ba ta, a gabana ta yi, lafiyarta lau. Amma na hango tambayar da ke biye, ke kuma me ya kai shi ɗakinki? Bazawara ce ni, mai tebur a tasha, dama ana ƙus-ƙus a kaina, kuma a lokacin akwai wani mai shagon taya da ya fara aiko mini da goro. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Na ce, "Ina ni ina sanin wanga, Inna? Na dai ji an ce abin awon sida na."

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Sai na ji shirun ya yi mini yawa, na ga kamar idanu na kaina, na ƙara da cewa, "An ce kuma ba kowa aka ba shi ba, sai mai dalili."

Matar yayana ta durƙusa ta ɗauki tsinken da ta yi, ta miƙa wa Inna da hannu biyu.

"Inna, ki duba, zane guda na. Guda lahiya ta. Ba ni da komi."

"Wa yag gaya miki hakanan? Wa yab ba ki?"

Ta dube ni. Ba doguwar duba ba ce, ko gwaggo ba ta lura ba. Ni kuwa na sunkuya ina goge murfin samira da ya riga ya bushe.

Ta ce, "Wata mata ta, can likita. Ban san ta ba."

Gwaggo ta ce ruwa ba ya tsami banza. Ko dai matar ta san abin da ta aikata bayan miji, ko kuma ɗansu take jifa da wannan ciwo, kowanne aka ɗauka ba na zama ba ne. Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta sa kara biyu ta ɗauki sabon da ke leda ta jefa a murhu. Sannan ta miƙa hannu ta zare jaririyar daga bayan uwarta, ta ce nonon nan ya ƙare daga yau. Da yamma aka ware wa matar yayana moɗa da kwano, aka ajiye su bayan ɗaki kusa da turken awaki. Kwana huɗu yarinyar na tsala kuka a ɗakin Inna, uwar na zaune a tsakar gida, gaban rigarta jiƙe da nono. Ni na dama kunun da aka yaye ta da shi.

Yayana ya iso rana ta biyar da akwatuna biyu. A zaure aka tare shi da labari. Bai shiga ɗakin da muka yaɓe masa ba, bai tambaye ta komai ba, ya kira liman da shaidu. Ita kaɗai ta loda jerenta a amalanken jaki, ba wadda ta kama mata, ta nufi gidan ubanta wajen Barmou. Yayana ya sake aure kafin shuka ta kai gwiwa. Tarin nasa kuwa ƙurar siminti ce, yana nan da ransa har yau, ya yi tumbi. Ni ma na auri mai taya, da Inna ta tsufa aka ba ni riƙon yarinyar.

Uwar ba ta sake aure ba. Labari ya riga ta isa Barmou. Ta gwada sai da ƙosai, ba mai saye, ta koma saƙar tabarma da igiya, abin da ba a ci.

Yarinyar na da shekara tara muka je biki can, muka ratsa kasuwa. Ban ga uwar ba sai da ta kira ni ƙaramin miji, da muryar nan tata. Tana zaune bayan tabarminta, ta yi baƙi, amma garau take, ta fi ni ƙarfi. Ba ta yi mini ƙorafi ba, ta tambayi Inna, ta tambayi gida. Idonta na kan yarinyar. Ta kwance bakin zane ta fito da dabino uku, ta miƙo.

Yarinyar ta mai da hannuwanta baya. Ta matso jikina, ta tambaye ni da ƙarfi, yadda masu tabarmin gefe duk suka ji:

"Gwaggo, ita ta mai ciwon da Inna tac ce kar in taɓa?"

Hannun uwar na nan a miƙe. Ta ɗago ta dube ni, tana jira. Masu tabarmi ma suna jira, cikinsu akwai wata da ta san dangin mijina.

Na kama wuyan hannun yarinyar na ce, "Taho mu tahi, mota na shirin tashi."