Abin da Ciyawa Ta Faɗa wa Delmar

Shekara talatin da huɗu Delmar Pruitt ya yi yana yankan ciyawar filin ƙwallon zari-ruga na kwalejin garinsu, can ƙuryar jihar Alabama ta Amurka. Ya yi ritaya, amma duk watan Agusta, da 'yan wasa sun fara atisaye, za ka same shi jingine da shinge tun hantsi. Idan sun watse sai ya shiga ya bi sawunsu. Ciyawa ba ta ɓoye masa komai. Daga yadda ƙusoshin takalmi suka ci ƙasa yake gane wanda ya tara teɓa a hutu da wanda ke tsoron karo.

Sai dai ba shi ake tambaya ba, ƙanensa Hoyt ake tambaya. Hoyt ya taɓa cafke ƙwallo ɗaya tak a ƙarshen wani wasa yana saurayi, har yau hoton na rataye a gidan abincin Luretta, saman tukunyar kofi. Duk Asabar ɗin da ta rage mako a fara gasa, gari kan cika wurin, a yi tsit, Hoyt ya faɗi wasa nawa za a ci cikin goma sha biyu. Da wuya ya kuskure. Ba wanda ya san cewa ana gobe yakan tsayar da motarsa a ƙofar yayansa.

"Yaya, me ciyawar taka ta ce bana?"

Delmar ya faɗa masa. Kashegari ya zauna can kujerar ƙarshe yana juya cokali cikin faten masara, yana jin maganarsa na fita daga bakin wani, ana tafa wa wani.

Bana gari ya ruɗe kan sabon mai jefa ƙwallo, Tavian Rusk. Ko a coci zancensa ake yi. Delmar kuwa ya ga abin da ya gani: sawun ƙafar hagun Tavian ba ya nutsewa. Ciwo yake ɓoyewa a gwiwa, da ƙyar ya kai Oktoba. Wasa biyar ke nan za a ci, in an yi sa'a shida.

Ranar Juma'a Hoyt ya zo da sabuwar hula, kyautar kwaleji.

"Wai ni zan kaɗa ƙararrawar buɗe gasa, Yaya. To, nawa?"

Delmar ya daɗe yana kallon hular. Shi da ya yi ritaya, katin godiya aka aiko masa ta gidan waya.

"Goma sha ɗaya," in ji Delmar.

"Tsoho, ko rana ta buge ka ne?"

"Kai da ƙwallo ɗaya ta faɗo maka a hannu, kai za ka yi mini gardama?"

Hoyt ya yi dariya, ya tafi.

Ranar Asabar Hoyt ya faɗa, wurin ya kaure da murna. Luretta ta zuba wa kowa kofi kyauta. Wani tsohon makanike da matarsa ta rasu da bazara ya share ido da bayan hannu, ya ce ashe akwai abin jira. Luretta ta ratso da buta ta tsaya kan Delmar.

"Ka ji ƙanenka, mai ciyawa? Ka roƙe shi ya koya maka ƙwallo kafin ka mutu."

Delmar ya yi murmushi. Wani daɗi mai ɗaci ya ratsa shi. Oktoba na zuwa, za a ga wanda zai sauke hoton nan.

Daɗin bai kai Litinin ba. Yana jingine da shinge, Tavian ya jefa wata ƙwallo, ta tashi tana juyi cikin hasken safiya kamar ba za ta sauko ba, sai Delmar ya ji zuciyarsa ta bi ta. Kafin Hoyt ya ji kunya, sai 'yan wasan nan sun sha kashi Asabar bayan Asabar, a kan ciyawar da ya rena da hannunsa.

Da suka watse ya shiga fili, ya durƙusa da ƙyar, ya sa babban yatsa cikin sawun ƙafar hagu. Bai nutse ba. Ya matsa ga na gaba, da na gabansa. Rana ta take, yana rarrafe zuwa ƙarshen fili, yana neman ko guda ɗaya mai zurfi.